Bari-Tukuna da Lissafin Kogi

A ofishin kula da madatsar ruwa babu mai kiransa da sunan yanka. Da za ka tsare masinja ka ce ya faɗa maka sunan, sai ya sosa ƙeya ya ce ka ba shi minti biyu ya duba rajista. Bari-Tukuna kowa ya sani. Ka ce masa firinta ta cinye takarda, ya ce, "Bari tukuna." Ka ce masa shayinsa na hucewa, ya ce, "Bari tukuna." Matarsa kan ba da labari, tana dariya har da hawaye, cewa shekara huɗu ya yi yana zuwa wurinta yana yi mata bayanin batirin rediyo, sai da ita da kanta ta ce masa, "Malam, in aure ya kawo ka ka faɗa, ƙafata ta gaji da tsayuwa."

Siriri ne, shekararsa arba'in da tara, ba ka jin takunsa sai dai ka gan shi a kanka. Ashirin da biyu daga cikin shekarun nan ya yi su ne a wani ɗan ɗaki mai sanyi a ƙarshen baranda, inda kwamfutocin ofishin suke. A faɗi gaskiya, ya iya aikinsa. Babu wayar da ba ta da 'yar takarda manne a wuyanta, an rubuta inda ta fito da inda ta dosa, da kwanan watan da aka ja ta. Matsalarsa ɗaya ce, tsoro. Ba na kare ko na duhu ba. Tsoron ya taɓa abin da ke aiki lafiya, abin ya mutu a hannunsa.

Mahaifinsa mai gyaran agogo ne, yana da ɗan teburi mai gilashi a gindin wata katanga kusa da tasha. Wata rana tsohon ya tafi salla ya bar masa gadin teburin, yana ɗan shekara tara, ƙaiƙayin hannu ya sa ya buɗe bayan wani agogo mai tsada da aka kawo a goge shi kawai. Wani siririn ƙarfe ya yi tsalle daga ciki, ya ce ga garinku nan, ya faɗa kwata. Uban bai dake shi ba, da ma dukan ya yi. Abin da ya gani shi ne mahaifinsa, da furfurarsa, durƙushe a gaban wani matashi yana ba shi haƙuri, matashin na zazzaga masa rashin mutunci, jama'a sun yi cirko-cirko suna kallo. Tun ranar hannunsa ya koyi tsayawa a iska kafin ya sauka a kan komai.

Mahaifiyarsa na nan da ranta, a gidan da ta haife shi, a unguwar gangare da ke bakin kogi, can ƙasa da madatsar. Ya yi juyin duniya ta dawo gidansa na kan tudu, ta ce ita ba kabad ba ce da za a ɗauka a jingine a wani lungu. 'Yan layinsu kuwa sun mai da ita ma'aunin ruwa. Kowa ya san ɗanta na zaune kusa da injin da ke lissafin kogi, saboda haka in damina ta yi nauyi ba rediyo ake saurara ba, ƙofarta ake leƙawa. In tana zaune a kan kujerarta ta ƙarfe tana faɗa da kaji, kowa ya ci gaba da harkarsa. In aka ga ta ɗaure kaya, layin gaba ɗaya zai ɗaure, na bayansa ma ya ɗaure, har abin ya kai ƙarshen unguwa.

Shekara biyu da suka wuce, tsoro ya sa ya buga mata waya ya ce ta tashi, alhali lissafi bai fito ba. Ta tashi, unguwa ta bi ta. Ruwa bai zo ba, ɓarayi suka zo. Aka kwashe wa mutane katifu da talabijin da tukunyar gas. Wata uku tsohuwar nan ba ta iya haɗa ido da kowa, sai da ta bi gida-gida ta yi alkawarin ba za ta sake motsawa ba sai injin da kansa ya yi magana. Da ya je ba ta haƙuri ta ce, "Babana," don haka take kiransa, sunan mahaifinta gare shi, "daga yau in ka kira ni, tambaya ɗaya zan yi maka. Inji ne ya ce, ko tsoronka ne ya ce? Kuma kar ka wahalar da kanka, ba ka iya ƙarya ba, muryarka ke tona maka asiri tun kana rarrafe."

To shi injin, ga yadda yake. Manhajar da ke lissafin kogi ta girmi wasu ma'aikatan ofishin. Ana ba ta adadin ruwan da ma'aunai suka gani can sama, ita kuma ta faɗi yawan da zai iso madatsa, da ƙarfe nawa, da inda zai kai cikin gari in an buɗe ƙofofi. Da can tana zaune ne a wata kwamfuta mai ƙugi kamar tsohuwar firji. Shekara shida baya, da waccan ta fara shure-shure, Injiniya, maigidansa a wurin aiki, ya kwashe ta ɗungurungum ya zuba a cikin sabon babban inji, ta zama kwamfutar da ba ta da jiki. Kwamfuta ce a cikin kwamfuta, tana da tagarta a kan sikirin, ana kunna ta ana kashe ta, ita a ganinta har yanzu tana cikin tsohon akwatinta. 'Yan ofis suka sa mata suna Baƙuwa.

Firosesar sabon injin, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, ƙwaya goma sha shida gare ta, kowace ƙwaya na iya ɗaukar nata aikin ita kaɗai. Amma ƙwaya ɗaya tak Injiniya ya yanka wa Baƙuwa, daidai abin da ta saba da shi. Dalilinsa wani ɗan mabuɗi ne mai kama da filashi da ake sokawa a bayan inji, wanda in babu shi manhajar ba ta tashi. Ya ji an ce in mabuɗin ya ga an sauya masa ƙwaƙwalwa yakan kulle kansa, kamfanin da ya ƙera shi kuwa ya daɗe da rufewa. "Bar ta haka, sai na bincika," ya ce, yana laluben makullin motarsa a aljihu. Bayan wata biyu aka wayi gari Injiniya ya rasu. Maganar da aka faɗa a bakin ƙofa, ita ta zama doka. Awa goma sha ɗaya Baƙuwa ke yi kafin ta ba da amsa, lebura ɗaya na haƙa, sauran na tsaye sun rungume hannu.

Ranar da ake magana a kanta Talata ce. Kwana uku ana tafka ruwa can cikin duwatsun da kogin ke fitowa, a gari kuwa ko ɗigo, rana fes. Ƙarfe bakwai da rabi na safe ya zuba wa Baƙuwa alƙaluman ma'aunai, ya danna ta fara. Sai da ya goge tabarau ya sake duba alƙaluman. Ma'auni na uku, na kan gadar sama, ya nuna tsayin da bai taɓa nunawa ba, daga nan ya yi ɗif, bai ƙara aiko komai ba.

Goma saura kwata Darakta ya shigo ɗakin da ƙafarsa, abin da ba ya yi, don ya ce sanyin wurin na tada masa mura. Ƙaton mutum ne mai son raha, amma yau babu raha, rigarsa ta jiƙe a hammata.

"Malam Bari, yaushe za ta gama?"

"Shida da rabi na yamma, ranka ya daɗe."

"Shida da rabi." Darakta ya jawo kujera ya zauna da ƙarfi. "Masu kula da ƙofofi sun ce in ruwan nan ya ci gaba da hawa haka, biyar ba za ta wuce ba sai sun buɗe, ko madatsar ta buɗe kanta. Daga ƙofa zuwa gangare bai kai awa ɗaya ba. Na kira 'yan agaji, sun ce bayan tashin banza da aka yi shekara biyu baya ba za su tada mutum dubu shida a kan wataƙila ba. Takarda suke so, da taswira, da sa hannu. Don Allah, babu yadda za a yi abin nan ya yi sauri?"

Ya buɗe baki zai faɗi abin da ya saba faɗa, ya mai da shi ya rufe.

Akwai yadda za a yi, kuma ya sani. A aljihun teburinsa na ƙasa akwai littafi mai baƙin bango, a cikinsa akwai shafi biyu da ya cika da ƙananan rubutunsa, mataki bayan mataki, yadda za a ƙara wa Baƙuwa ƙwayoyi. Ya karanta, ya tambayi waɗanda suka sani, ya rubuta, har ya ja layi da jan biro. Gwadawa ce kawai bai taɓa yi ba.

Ya yi wa Darakta bayani. Mabuɗin ɗaya ne, ba ya rabuwa biyu. In za a gwada, dole a kashe lissafin da ya riga ya ci awa biyu da wani abu. In gwajin bai yi ba, a koma farko, amsa ta fito bayan ruwa ya gama abin da zai yi. In kuwa mabuɗin ya kulle, to ba yau kaɗai ba, ofishin ya makance ke nan.

"In ya yi fa?"

"Awa biyu. Ko ƙasa da haka."

Darakta ya daɗe yana kallonsa. "Ni ban san komai a kan injin nan ba, kai ka sani. Amma amsar shida da rabi da babu duk ɗaya ne. Mahaifiyarka na gangare, ko?"

"Tana can, ranka ya daɗe."

"To." Ya miƙe ya fita, ya bar ƙofa a buɗe.

Bari-Tukuna ya ɗauki waya ya kira mahaifiyarsa.

"Inna, ina kwana?"

"Lafiya lau, Babana. Me ya sami muryarka kamar wanda aka biyo?"

"Ba komai. Na ce da za ki zo gidana ki wuni yau. Yara na ta tambayarki."

"Yaran da ke makaranta?"

Yana jin kajinta a baya, da ƙarar keken ɗinkin maƙwabciyarta ta kan katanga.

"Inji ne ya ce, ko kai ka ce?"

Ƙarya ta zo masa har bakin haƙora. Ya juya ta, ya ji ba za ta fita a miƙe ba, ya haɗiye. "Bai ce ba tukuna, Inna."

"To in ya ce ka kira ni. Ga wayar nan a cinyata."

Ya ajiye waya ya ɗauko littafin. Abu na farko da ya rubuta wa kansa shi ne a kwafe Baƙuwa gaba ɗaya a ajiye gefe, kuma kafin a kwafe ta sai an kashe ta. Ya kai 'yar kibiyar sikirin kan wurin kashewa. Hannunsa ya tsaya. Layin da ke nuna ci gaban lissafi ya kai kusan kwata, yana tafiya a hankali amma yana tafiya, bai yi wa kowa laifi ba. Ya yi bismillah a fili, ya runtse ido kamar mai jiran allura, ya danna.

Kwafin ya ci minti ashirin, kowane minti sai da ya ji shi a jikinsa. Da ya gama, ya buɗe shafin da ake yanka wa Baƙuwa rabonta. A gaban firosesa akwai ɗaya. Ya goge, ya sa takwas. Ya kunna ta.

Taga ta yi baƙi. Wani ɗan farin layi na ƙyaftawa a kusurwa, shi ke nan. Minti ɗaya. Minti biyu. A da kafin ka kurɓi shayi ta tashi. Na'urar sanyaya ɗaki na hura masa sanyi a ƙeya, gumi na bin bayansa har cikin wando. Ya ce a ransa, shi ke nan, na kashe ta. Har ya fara tsara yadda zai faɗa wa Darakta, sai ga haske. Ta tashi, ta ce ta ga sabon abu a jikinta, a sake kunna ta. Ya sake. Ya zagaya bayan inji ya durƙusa, ya zuba wa mabuɗin ido, ya miƙa hannu ya buɗe manhajar lissafi. 'Yar fitilar mabuɗin ta yi ja. Ta sake yin ja. Sannan ta koma kore, ta zauna daram.

Bai kulle ba, ko a jikinsa. Shekara shida ana kaffa-kaffa da shi kamar ƙwai, ashe shi bai ma san ana yi ba. Bari-Tukuna ya zauna daɓas a kan siminti, yana wata irin dariya marar sauti.

Murnar ba ta yi nisa ba. Da ya buɗe tagar da ke nuna aikin kowace ƙwaya, akwati biyu ya gani maimakon takwas. Ya ƙirga da yatsa kamar biyu na da wuyar ƙirgawa. Ƙwaya biyu, awa biyar da rabi ke nan, ƙarfe huɗu da rabi na yamma. Wa zai kwashe mutum dubu shida, da tsofaffi da marasa lafiya, cikin awa ɗaya? Ya bi littafin layi-layi, babu inda ya yi kuskure. Can a gefen shafi na biyu, inda ya karkata littafin ya yi rubutu a tsaye, ya ga 'yar alamar tambaya da kalma ɗaya: gurbi.

Sai ya tuna. Babban injin bai ce wa Baƙuwa ga firosesa ɗaya mai ƙwaya takwas ba. Ce mata ya yi ga firosesa takwas daban-daban, kowace a gurbinta. Ita kuwa 'yar zamanin da ce, gurbi biyu ta sani, in ka ba ta ɗari ma biyu za ta ɗauka ta kau da kai. Dole a sake kashe ta, a gyara maganar, gurbi ɗaya, ƙwaya takwas. Wato dole mabuɗin ya sake ganin wani sauyin, kuma wa ya san ko haƙurinsa na sau ɗaya ne?

Yana cikin haka Darakta ya dawo, waya biyu a hannu, duk suna ruri. Ya leƙa sikirin ya ce, "Ka ce ƙwaya goma sha shida ne? To ba ta duka mana! Rowar me kake yi a rana irin ta yau?"

"A'a, ranka ya daɗe."

Shi kansa sai da ya yi mamaki. Shekara ashirin da biyu bai taɓa ce wa shugaba a'a ba.

"Manhajar da ke karɓar saƙon ma'aunai ita ma a cikin injin nan take zaune, da wadda ke kula da babban injin kansa. In na ba Baƙuwa duka, su za su shaƙe, ita ma ta tsaya jiran su matsa mata. Za mu rasa sauri, mu rasa ma'aunai. Takwas."

Darakta ya ɗaga hannu ya ja baya. "Takwas ɗin."

Ya kashe, ya gyara, ya kunna. Fitilar ta yi ja, sannan ta koma kore. Akwati takwas reras a kan sikirin. Ya zuba alƙaluma, ya danna ta fara. Akwati na farko ya cika har baki. Sauran bakwai suka kwanta shame-shame, ko motsi.

Sha ɗaya da minti ashirin da biyar. Ya ji kuka ya taso masa, irin na yara, ya danne da ƙyar don Darakta na tsaye a bayansa yana huci. Ya kashe lissafin safe a banza ke nan? Ya dafe kai da hannu biyu. Baƙuwa ta ga ƙwayoyinta, wannan babu shakka. Saura manhajar. Ita babu wanda ya gaya mata. Ya shiga cikin fayilolinta yana buɗewa ɗaya bayan ɗaya, har ya faɗa kan wani ɗan fayil na rubutu zalla inda ake tsara mata yadda za ta yi aiki. Can wajen ƙasa ga layin da ke faɗin kashi nawa za ta raba lissafi. An sa ɗaya. A gefensa marigayi Injiniya ya bar wa kansa 'yar tunatarwa: a duba daga baya.

Ya goge ɗaya, ya sa takwas, ya sake dannawa.

Akwatunan takwas suka tashi tare. Fankokin injin suka saki wani irin gurnani da bai taɓa ji ba tun da aka kawo shi, har Darakta ya yi baya ya buge da ƙofa yana cewa, "Kai! Wuta zai kama?" Shi ma Bari-Tukuna abin da ya zata ke nan. Ya ɗora tafin hannu a kan murfin yana jin ɗumi na hawa, yana sunsuna iska ko zai ji ƙauri. Babu ƙauri. Aiki kawai yake yi, irin wanda aka sayo shi ya yi. Sha biyu saura minti ashirin.

Bai zauna ba. Wani tsoron ya maye gurbin na farko: in tana sauri amma tana shirme fa? In ya tada unguwa a kan lissafin da shi ya taɓa, ko mafi muni, ya ce musu su zauna? Ya buga a takarda ɗan abin da lissafin safe ya kai ga fitarwa kafin a kashe shi, ya ɗauko rula, ya dinga ɗora ta layi-layi yana gwadawa da na yanzu. Lamba ta farko ta yi daidai. Ta goma ta yi. Ta ɗari ta yi. Duk da haka bai daina ba sai da takardar ta ƙare. Masu kula da ƙofofi suka kira sau uku. Masinja ya kawo masa abinci, ya mai da shi yadda ya kawo.

Ƙarfe ɗaya da kwata gurnanin ya faɗi. Firinta ta turo taswira a hankali, kuma yau, don ikon Allah, ba ta cinye takarda ba. Shuɗi ya rufe gangare tun daga bakin kogi har gindin tudu. Ya nemo layinsu da farce. Ruwa mita biyu da 'yan kai. Zai iso shida saura minti goma.

Darakta ya fizge takardar ya fita da gudu, tumbi na gaba. Shi kuwa ya ɗauki waya.

"Inna."

"Wa ya ce?"

"Inji ya ce. Zai wuce saman ƙofa. Kafin shida."

Ta auna muryar. "Na ji," ta ce. Ba ta kashe wayar ba, ya ji ta ɗaga murya ta kan katanga: "Maman 'yan biyu! Naɗe ɗinkin nan, ki aika a faɗa wa na baya!"

Awa ɗaya da minti talatin da biyar kawai lissafin ya ci. Ya tsaya yana kallon agogon bango, amma bai ji sanyi a ransa ba.

Akwai abin da ba a faɗa ba tun farko, domin shi kansa ba ya faɗa. Shekara huɗu da suka wuce ruwa ya taɓa shiga gangare. Bai kai na yau ba. Ran nan ma Baƙuwa na kan lissafi, ta gama shi daidai, babu kuskure ko ɗaya, awa uku bayan ruwa ya shiga. Mutum tara aka rasa. Mahaifiyarsa ma, mijin maƙwabciyar nan mai ɗinki ne ya goyo ta a baya har kan tudu, ya sauke ta, ya koma ɗauko wani tsoho, bai dawo ba. Kowa ya ce ƙaddara ce, kuma inji ya tsufa. Shi ma haka ya ce. Da ya zo rufe littafin, idonsa ya sauka a saman shafin farko, inda ya rubuta kwanan wata kamar yadda yake rubutawa a kan komai. Shekara biyar da wata biyu ke nan, tun kafin wancan ruwan.

Shida ta gota kaɗan ya isa makarantar firamare da ke kan tudu, inda aka tara mutane. Katifu ne da buhuna da awaki ko'ina, amma babu hayaniya. Kowa ya jeru a jikin shingen waya yana kallon ƙasa. Ruwan ya shigo ba gudu ba ihu, ja-ja-jur, ya cika layin farko, ya karya kwana ya shiga na biyu, yana ɗauke da benci da wata firji a kwance. 'Yan agaji sun ƙirga sau biyu, ba a bar kowa ba.

Ya sami Inna a barandar aji, a kan kujerarta ta ƙarfe, kajinta a cikin kwando. Mutane suka yi ta miƙo masa hannu, tsofaffi na sa masa albarka, yana amsawa kansa a ƙasa. Maman 'yan biyu na zaune a gefen Inna, ta rungume kan keken ɗinkinta a cinya, 'yan matanta biyu sun lafe a jikinta. Da ta gan shi ta ɗan rusuna.

"Yaya, Allah ya saka da alheri. Ashe an sayo muku sabon inji."

Inna ta ɗago ta dube shi.

"A'a," ya ce. "Shi ne na da."

Maman 'yan biyu ta ce, "Na da? Wanda ya makara shekarar babansu?"

"Shi ne."

Har yanzu da murmushi a fuskarta. "To masana aka kawo suka gyara shi ke nan."

"Ni na gyara."

"Kai, sannu da ƙoƙari. Lallai ka sha fama. Wata nawa kana kai?"

Can ƙasa ruwa ya kai tagogin layinsu.

"Yau da safe na yi. Bai kai awa biyu ba."

Murmushin ya tafi a hankali. Ta gyara wa keken zama a cinyarta, ta dubi 'ya'yanta, ta sake dubansa. Muryarta ta yi ƙasa sosai, sai da ya sunkuya kafin ya ji.

"A waccan shekarar, Yaya, ka san yadda ake yi?"

"Na sani."

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba. Ta miƙe, ta ɗora keken a kafaɗa, ta kama hannun ɗaya, ɗayar ta riƙe mata gefen zane, suka bi baranda har can ƙarshe inda babu kowa, ta zauna a ƙasa ta ba shi baya.

Inna ta bi su da ido. Can ta dafa gwiwa ta tashi, ta kama bayan kujerarta. Ya yi sauri ya kai hannu zai ɗaukar mata.

"Sake mini," ta ce, ba tare da ta dube shi ba.

Ta ja kujerar da kanta, ƙafafun ƙarfen na kartar siminti, tana tafiya tana hutawa, har ta kai inda matar take, ta ajiye, ta zauna kusa da ita.